Abul Hakam da Hanjin Ragon Layya

A duk garinmu Tastur na ƙasar Tunisiya babu gidan da ya kai na maƙwabcina Si Munsif cunkoso, alhali daga shi sai matarsa Naziha sai surukarsa Hajja Bayya. Abin da ya kawo cunkoson, shi kaɗai mutum huɗu ne.

Akwai Munsif na takardar haihuwa, tsohon akawu, wanda tun da ya yi ritaya ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Akwai Kyaftin Rodrigo, sojan haya da ya musulunta a hanya, mai hular ƙarfe da takobin katako. Akwai Hakim Ibn Dawud, likitan da ya san maganin kowace cuta muddin mai cutar ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce. Sannan akwai ɗan gaban goshi, Abul Hakam na birnin Ishbiliya, makaɗin ud, wato garayar Larabawa, wanda aka koro daga Andalus tare da kakanninmu, bai fito da komai ba sai waƙoƙin da ke kansa. Duk Munsif ne ya ƙirƙiro su, kowanne da sunan uwarsa, da garin da aka haife shi, da abincin da ba ya ci.

Mu 'yan Ƙungiyar Jikokin Andalus kowa yana da sunansa na zamanin kakanni guda ɗaya, ya sa ranar taro, ya tuɓe in ya koma gida. Ni Shadli mai bandiri, ranar taro ni ne Yusuf masaƙi, shi ke nan, ba na ƙari. Munsif kuwa ba ya tuɓewa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum da safe ina jin su.

"Yau wa ya tashi?" in ji Naziha.

"Kyaftin."

"To Kyaftin ya je ya sayo burodi."

"Ba a aiken Kyaftin."

"A taso min likita."

"Yana nazari."

"Makaɗin fa?"

"Haba Naziha, da waɗannan yatsun?"

Haka za ta yafa mayafi ta je ta sayo da kanta.

Kowace shekara muna yin Ranar Isowa. Mu sa kayan kakanni, mu taho daga hayin kogi mu shigo gari kamar yadda suka shigo, a shimfiɗa darduma a dandali a kaɗa maluf, kiɗan da suka zo da shi. Tsakiyar dardumar nan ta Abul Hakam ce tun kafuwar ƙungiya, don shi ya riga kowa sayen rawani. To bana, ana saura kaɗan Babbar Sallah, a taron ƙungiya shugabarmu Lalla Jalila ta ce wasu sun kawo shawara a bai wa Si Lutfi mai cire haƙori tsakiya. Maganar gaskiya, in Lutfi ya kaɗa ud tsofaffi kuka suke yi. In Munsif ya kaɗa, sai su tuna sun bar tukunya a wuta.

Munsif ya miƙe a hankali, ya gyara rawani, ya taka har gaban Lutfi, ya sa farce ya ja tsirkiya ɗaya.

"Wannan mece ce?"

"Tsirkiya, Si Munsif."

"Ta me?"

"Ta nailan."

"Jama'a kun ji. Igiyar kamun kifi. Da ita za a tari kakanni."

"Taka fa ta mece ce?" in ji Lutfi.

Kowa ya dubi ud ɗin Munsif. Nailan ce, shago ɗaya ma suka saya.

"Tawa ta wucin gadi ce," in ji shi, ko a jikinsa. "Kakanni da hanjin rago suke tsirkiya, haka muke yi a fada."

"Wace fada? Sarakunan Ishbiliya sun ƙare ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Abul Hakam ɗin naka."

"Ka tsaya a kan haƙori, Si Lutfi, ka bar mana tarihi."

Na ja masa gefen alkyabba, ya fizge. Ya daki ƙirji ya ce da hannunsa zai murza tsirkiyar hanji, kuma in bai kai waƙa ɗaya ƙarshe da ita ba ranar Isowa, a gaban jama'a zai tuɓe wannan rawani, Abul Hakam ya bar duniya, kada a ƙara jin sunansa a bakin kowa. Lalla Jalila tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ta ce, "Kowa ya ji?" Muka ce mun ji. Ni dai na damu, don na san in aka raba Munsif da Abul Hakam an raba shi da abin da yake tashi dominsa kowace safiya.

Ranar Sallah aka yanka ragon Hajja Bayya, aka feɗe, aka zuba kayan ciki a baho. Duk unguwa ta san usban ɗin Hajja: tumbi da hanji a cusa musu shinkafa da hanta da ganye, a ɗinke, a ɗora kan kuskus. Shekara guda ake jiransa, ni kaina ina da kwanona. Hajja ta shiga ɗauko gishiri, ta fito, babu hanji, sai ɗigon ruwa da ya bi matakala ya hau soro.

"Naziha, ina mijinki?"

"Wanne, Ummi?"

Hajja ta tattare zane ta hau. Ni ma na hau nawa soron, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Ga Munsif cikin rigar likita, ya naɗe hannu, yana jan hanji kamar mai auna yadi.

"Munsif, hanjina."

"Munsif ba ya nan, Hajja. Da Hakim Ibn Dawud kike magana, kuma wannan hanji ilimi ya karɓe shi."

"Ilimi ne ya ciyar da ragon? Ni na yi ta ba shi sha'ir da hannuna tun yana ɗan mitsitsi."

"Za ki ji ragonki yana waƙa a dandali."

"Da ransa ma bai iya ba."

Ta sauka ta ce bana babu usban, kuma duk wanda ya aiko da kwano a faɗa masa dalili. Kafin la'asar Munsif ya zama abokin gabar gida goma sha wani abu. Kwanona ma haka ya dawo wayam, kuma har yau abin yana cina.

Wajen kankare shi ya yayyaga rabin hanjin, don da wuƙar yankan burodi ya yi aikin. Sai ya ɗauki bokiti ya shiga gida-gida cikin rigar likita yana neman taimakon ilimi. Mata sun riga sun ji labari. Wata ta ce ya dawo baɗi, wata ta saki ruwan wanke tumbi daga sama daidai lokacin da yake ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce ba ta gan shi ba. A ƙarshe mahauci ya ba shi hanjin bijimi don ya rabu da shi. Ya dawo baki har kunne, ya ce min na bijimi ya fi kauri, murya za ta fi zurfi.

Ya jiƙa su da ruwan toka a babbar tukunyar kuskus ɗin Naziha, ya rufe, ya bar su a soro cikin zafin nan namu da ke narkar da kwalta. Ba a daɗe ba unguwa ta fara tambaya. Tela na ƙasan layi ya fasa rufin shagonsa yana neman mushen ɓera. Wasu suka kira mai gyaran magudana, ya buɗe ramuka uku bai ga komai ba, ya bi hancinsa har ƙofar Munsif, ya tsaya, ya juya ya tafi. Matata ta rufe tagogi ta ce ko ni ko maƙwabcina, ɗaya ya tashi.

Na leƙa ta katanga da tsumma a hanci. Yana zaune gefen tukunya yana juyawa da muciya, ƙudaje sun yi masa rawani na biyu.

"Si Munsif, mutane za su mutu."

"Ƙanshin tarihi ne, Shadli. Haka unguwar masu tsirkiya take a Ishbiliya."

"In haka Andalus take, ba korar kakanninmu aka yi ba, guduwa suka yi."

Ya murza su, ya shanya a igiyar soro, kusa da naman layyar da Hajja ta yanyanka ta shanya. Nan kuliyoyin Tastur suka samu labari. Na farko wani jan muzuru ne mai kunne ɗaya, daga baya ya gayyato dangi. Sai aka tura Kyaftin Rodrigo gadi. Da tsakar rana tsaka, hular ƙarfe a ka, takobin katako a hannu, yana kai da kawo yana yi wa kuliyoyi tsawa da wani yare da ya ce Sifaniyanci ne. Muzurun ya yi tsalle, Kyaftin ya kai sara, ya sami igiyar Hajja. Nama ya zubo tsakar gidana kamar ruwan sama, kuliyoyi suka biyo shi. Kyaftin ya kai hannu zai cire hula ya ga ɓarnar da kyau, ashe rana ta gasa ta, ya saki ƙara ya yar da takobi. Naziha ce ta hau da buta ta yi ta kwarara masa ruwa a ka har ƙarfen ya huce.

"An ci garin, Kyaftin?" ta tambaye shi.

Hajja ta tsince ɗan naman da ya tsira, ta soya, ta tsoma a tulun man zaitun da barkono da tafarnuwa kamar yadda ake yi, ta daina yi wa dukkan su huɗun magana.

Tsirkiyoyin da suka rage suka bushe suka sandare kamar tsinken tsintsiya, wani wuri kaurin ɗan yatsa, wani wuri kamar gashi. Hakim ya ce sai an shafa musu man zaitun. Naziha kuwa tun ranar tukunya ta kulle ɗakin ajiya ta rataya mabuɗi a wuya. Man da ya rage a fili shi ne na tulun Hajja. Da idona na gan shi yana tsoma tsumma a ciki yana waige-waige.

"Si Munsif, da barkono fa a ciki."

"Mai mai ne."

Si Lutfi, mutumin kirki, ya zo har gida ana gobe taro. Ya ce a bar zancen rantsuwa, darduma tana da faɗi, su zauna kafaɗa da kafaɗa. Munsif ya amsa masa ta taga, ya ce Abul Hakam bai taɓa raba darduma da wanzami ba. Lutfi ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na ce wa Munsif ya bari in ji sautin ko sau ɗaya, ya ce ba a buɗe amarya kafin ranar biki.

Ranar Isowa da safe muka taru a hayin kogi, kowa cikin kayansa, har da jakuna biyu da aka ɗora wa akwatunan da babu komai ciki. Aka nufi gada. Munsif ya tsaya.

"Kakanni ba su tarar da gada ba."

"Su ma da sun tarar da sun hau," in ji Lalla Jalila.

Bai saurare ta ba. Ya tattare alkyabba, ya ɗaga ud sama, ya gangara cikin ruwa. Muna bisa gada muna kallo. Ruwan rani ne, iyakarsa gwiwa, amma taɓon ƙasa ba ya wasa. A tsakiya takalmi ɗaya ya zauna, ya juya zai ciro shi, ya zame, ya zauna shi ma, ruwa har ƙirji. Ud dai bai nutse ba, wannan kam na ba shi. Sai dai da ya fito sai ya rungume shi a jiƙaƙƙiyar alkyabba, haka ya taho da shi har dandali, hanji yana shan danshi.

Dandali ya cika maƙil, har da baƙi daga Tunis da ke ɗaga wayoyi. Aka shimfiɗa darduma. Munsif ya zauna a tsakiya, taɓo na ɗiga, Lutfi a damansa, ni a hagunsa da bandiri. Ya zaro gashin talotalo da ya rantse na mikiya ne, ya taɓa tsirkiya ta farko. Ba ta ce komai ba, ta saki kamar igiyar shanya. Ya murɗa kunnen ud, ta ɗan tashi. Ya koma ta biyu, kafin ya gama ta farko ta sake kwanciya. Ya dawo. Haka ya yi ta zagaye. Mai sayar da lemo ya zaga dandali ya sayar ya dawo, ana nan. Wani tsoho a sahun gaba ya tambayi na kusa da shi ko waƙar ke nan, aka ce masa wataƙila, sai ya fara tafi.

Ana cikin haka na ji abu ya goge ni a ƙafa. Jan muzurun nan ne mai kunne ɗaya. Rana ta fara dukan tsirkiyoyi, ƙanshin soyayyen nama da tafarnuwa ya tashi. Kafin ka ce me, kuliyoyi sun jeru a bakin darduma, sun fi kowa natsuwa, idonsu a kan ud.

"Ga masoyanka sun iso," in ji Lutfi ƙasa-ƙasa.

Munsif ya yi ta maza ya kaɗa. Sautin da ya fito, in ka taɓa jin saniya mai mura a cikin rijiya, to shi ne. Ya buɗe baki ya ja baitin farko, tsirkiya tana gangarowa, shi ma yana bin ta ƙasa, har muryarsa ta koma gurnani. Na buga bandiri da ƙarfi ko zan rufa masa asiri, abin ya fi ƙarfin bandiri. Gumi ya keto masa, ya sa yatsu ya share ido.

Da yatsun da suka yi ta taɓa man Hajja.

Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, hawaye suka ɓalle. Ya sa ɗaya hannun ya goge, abin ya ƙaru. Matan da ke gefe suka fara cewa Allah sarki, ya tuna gida. Munsif ya ji su, kuma ko a wannan hali bai bar dama ta wuce ba. Ya ɗaga kai sama, ido a rufe, majina na zuba, ya ce, "Ishbiliya." Wata baƙuwa ta fashe da kuka. Ni kuwa na cusa fuska a bandiri don kada a ga abin da nake yi.

Ido a rufe ya ci gaba da murɗa kunnuwan ud, wannan ya murɗa, wancan ya murɗa, bai san wanne yake ja ba. Lutfi ya ce, "Si Munsif, ya isa, hanjin bijimi ne, katakon ba zai ɗauka ba." Ya ce, "Haƙori, Si Lutfi." Ya ƙara murɗawa.

Akwai ɗan katakon da ake mannawa a cikin ud, wanda ake ɗaure gindin tsirkiyoyi a jikinsa. Shi ya fara ƙara, ƙiƙiƙi, sannan ya ɓalle da wani ɓangaren fuskar ud ɗin, fau, kamar an harba bindiga. Jakunan nan biyu suka zabura da akwatuna. Tsirkiyoyi suka yi bulala suka tsinke daga sama, duk tarin ya tashi ya faɗa bakin darduma. Muzuru bai yi shawara da kowa ba. Ya cafke, ya ratsa tsakanin ƙafafun baƙi, katako na binsa yana ƙwal-ƙwal a kan duwatsu, dangi na biye.

Sai ga muryar Hajja Bayya daga baya, a natse: "Ku ba shi hanya, shi ya san amfaninsa."

Wallahi ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har mai lemo sai da ya ajiye tire.

Lalla Jalila ta bari aka lafa, aka kawo ruwa Munsif ya wanke ido. Sannan ta tako gaban darduma.

"Si Munsif, alkawari."

Ya dube ta da jajayen idanu. "Wa ya yi alkawari? Ranar nan Kyaftin ne ya zo taro, aron rawani ya yi. Kin san soja da cika baki."

"Wato Kyaftin ya yi sojan gona, ya yi rantsuwa da ran wani."

"Haka aka yi."

"To mun kori Kyaftin daga ƙungiya. A kawo mana hular gobe."

"Ai asalin laifin ma na Hakim ne. Shi ya murza tsirkiya. Makaɗi abin da aka ba shi yake kaɗawa."

"Likitan da ya sa wa ud barkono. Shi ma mun sallame shi, ya kawo rigar." Ta gyara tabarau. "Saura wanda ya zauna a tsakiyar darduma yanzun nan bai kai waƙa ƙarshe ba. Shi wane ne?"

Munsif ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai neman wanda zai tura, babu kowa, duk ya sallame su da bakinsa. Lutfi ya ce, "Lalla, a bar maganar nan, wasa ne." Munsif ya ɗaga masa hannu.

"Abul Hakam ba ya cin alkawari," in ji shi.

Ya kai hannu ya fara warware rawani, zagaye bayan zagaye, ya ninke shi da kyau, ya ajiye a tsakiyar darduma, ya ja jiki gefe. Sai ga wani ɗan tsoho mai sanƙo, kunnuwa a waje, taɓo har wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Dariya ta mutu da kanta. Ni da na sha alwashin ba zan yafe masa kwanona ba, tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Naziha ta ratso jama'a ta tsaya a kansa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Munsif?"

"Ni ne," ya ce, kai a sunkuye.

"Akwai wata mata da ka aura. Wata rana ka ce mata za ka je taro ka dawo, har yau tana jira. Taso mu tafi."

Ya tashi ya bi ta yana ɗingishi, fasasshen ud a hammata. Jama'a suka dare suka ba su hanya. Sai da suka kai kwanar layi na ga ta miƙa hannu ta karɓi ud ɗin ta riƙe masa.